Ƙahon Rago A Cikin Dutse: Amonayit Da Shekarun Duwatsun Ƙasarmu

 An nemi in kawo wani abu na tarihi a wannan fitowa. To, tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe akwai waɗanda suka fi ni iya shi a cikinmu, saboda haka na zaɓi in koma baya ƙwarai, zuwa zamanin da babu sarki babu talaka, lokacin da inda garin Gombe yake a yau ruwan gishiri ne ke kwance a kansa.

Bari in fara da tambaya. Da yawa daga cikinmu mun soma ɗora bulo, wasu ma har sun tare. Na gabas yakan sayi simintin Ashaka, na yamma kuma na Sakkwato. Dukansu biyu daga dutsen farar ƙasa ake yin su, kuma dutsen nan a ƙarƙashin teku ya taru, daga ɓawon halittun ruwa da suka mutu suka kwanta bisa juna. In aka ajiye maka gutsure ɗaya daga Ashaka, ɗaya daga Kalambaina, da wuya ka ce ga babba ga ƙarami. Amma masana ilmin duwatsu sun ce na Ashaka ya girme wa na Kalambaina da fiye da shekara miliyan 30. Yaya aka yi suka sani, alhali akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita tsakanin wuraren biyu, kuma babu inda ɗaya ya hau kan ɗaya balle a gani da ido? Babban mai shaida a wannan shari'a wata halitta ce da ake kira amonayit.

Wanda bai taɓa ganinta ba ya ƙaddara katantanwa ce da ta naɗe a miƙe kamar gammo, ko kamar ƙahon rago mai murɗa biyu, sa'an nan ta sandare ta zama dutse. Daga wannan kama sunan ya fito. Mutanen Misira na dā suna da wani abin bauta mai suna Amon da suke zana shi da ƙahonin rago, shi ne marubucin Rumawa Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambaci irin waɗannan duwatsu da sunan ƙahon Amon. Kowace al'umma da yadda ta fassara su. A garin Whitby na Ingila cewa aka yi macizai ne da wata waliyyiyarsu mai suna Hilda ta mayar duwatsu a ƙarni na 7, kuma da yake macizan ba su da kai, sai masu sayarwa suka riƙa sassaƙa musu kawuna don ciniki ya yi kyau. A Nepal kuwa, waɗanda ake tsinta a kogin Gandaki, mabiya addinin Hindu na girmama su har gobe.

Gaskiyar magana ita ce amonayit ba dodon koɗi ba ce, ko da yake akwai dangantaka ta nesa. 'Yan'uwanta na kusa su ne halittun tekun nan masu hannuwa da yawa, irin su oktofus. Ɓawonta a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, ita dabbar tana zaune a ɗaki na ƙarshe, mafi girma, in ta ƙara girma sai ta matsa gaba ta gina bango a bayanta. Akwai wani siririn bututu da ya ratsa ɗakunan, da shi take zuƙe ruwa daga cikinsu, iska ta maye gurbinsa, sai ɓawon ya zame mata kamar goran masunta, tana shawagi a tsakiyar ruwa ba ta nutsewa. Inda kowane bango ya haɗu da ɓawon waje yakan bar wani zane. A wurin na farko-farko zanen sassauƙa ne, kamar haƙorin zarto, a wurin na baya kuwa ya yi ta lanƙwasa da rassa kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Da wannan zane, da ƙusoshi da haƙarƙarin da ke jikin ɓawon, ake bambanta iri da iri. Sun bayyana wajen shekara miliyan 400 da suka wuce, an kuma ƙidaya fiye da iri 10,000, daga wadda ba ta kai kwabo ba zuwa wadda aka tono a Jamus a 1895, mai faɗin mita 1.8.

Kafin a gane amfaninta sai da aka bi matakai. Na farko wani likita ne ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a Italiya, Nicolas Steno, wanda a 1669 ya rubuta ƙa'idar da yau za a ga kamar ba ta kai a rubuta ba: idan laka da yashi suka kwanta hawa-hawa, to na ƙasa ya riga na sama, muddin ba a birkita su ba. Mu ma'aikatan ofis mun san wannan daga tulin fayil da ke kan tebur. Sai dai ƙa'idar tana aiki ne a wuri ɗaya kawai. Za ta gaya maka tsarin tulin da ke teburinka, amma ba za ta gaya maka ko fayil na uku a teburinka ya riga fayil na biyar a teburin wani ofishi da ke wani gari ba.

Wanda ya warware wannan ba farfesa ba ne. William Smith ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1769, bai yi karatu mai zurfi ba, ya koyi aikin safiyo. A shekarun 1790 yana aikin auna hanyar ruwa da ake haƙa wa kwale-kwalen dakon kwal a yankin Somerset, kullum yana cikin rami yana kallon yadda aka yanka ƙasa kamar an yanka burodi. Sai ya lura cewa duwatsu biyu kan yi kama da juna a launi da taushi, amma burbushin halittun da ke cikinsu daban ne, kuma kowane hawa yana da nasa, kuma jerin ba ya sauyawa ko'ina ya je. Watau in ka san halittun, ka san hawan, ko da a wane gari ka same shi. Ya yi shekaru yana zagaya ƙasar, a 1815 ya fitar da taswirar duwatsun Ingila da Wales da wani yanki na Sikotlan, falle 15, aka shafa mata launi da hannu. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Bashi ya yi masa katutu, ya sayar da tarin duwatsunsa ga gidan tarihi na Landan, duk da haka a 1819 aka ɗaure shi a gidan yarin masu bashi. Manyan ƙungiyar masana duwatsu ta Landan, waɗanda ba su ɗauke shi a cikinsu ba, suka fitar da tasu taswirar a 1820, wadda ta ɗebi abubuwa da dama daga aikinsa. Sai a 1831 ƙungiyar ta kira shi ta ba shi babbar lambar yabonta, shekara 8 kafin mutuwarsa. A ganina abin lura a labarinsa shi ne bai san dalilin da ya sa halittun ke sauyawa daga hawa zuwa hawa ba, domin littafin Darwin sai a 1859 ya fito, amma rashin sanin dalili bai hana hanyar yin aiki ba.

To, me ya sa a cikin dukan halittun da ke cikin dutse amonayit ta yi zarra? Ku ɗauko tsofaffin hotunan aji da ke cikin akwatunanmu, waɗanda ba a rubuta shekara a bayansu ba. In ka ga baba mai gadi, ko malamin da ya shekara 30 a makarantar, hoton bai gaya maka komai game da shekara ba, don yana cikin kowane hoto. Amma da ka hango ɗan bautar ƙasar nan da ya koyar shekara ɗaya tak ya tafi, magana ta ƙare, ka san shekarar da aka ɗauki hoton. Akwai halittun teku masu ɓawo da suka yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru kamanninsu ba su sauya sosai ba, waɗannan su ne baba mai gadi. Amonayit kuwa 'yar bautar ƙasa ce. Iri ɗaya yakan bayyana, ya yawaita, ya ɓace a cikin shekara miliyan ɗaya ko ƙasa da haka, wani ya gaje shi, wanda a lissafin duwatsu ƙiftawar ido ne. Daɗin daɗawa, da yake a tsakiyar ruwa take yawo, ba ruwanta da ko ƙasan tekun yashi ne ko taɓo, kuma bayan ta mutu ɓawon kan ci gaba da shawagi igiyar ruwa ta kai shi nesa. Ga yawa, ga saurin sauyawa, ga yaɗuwa, ga sauƙin ganewa.

Wanda ya mayar da wannan tsari sosai wani saurayi ne Bajamushe, Albert Oppel. Ya bi duwatsun zamanin da ake kira Jurasik a Ingila da Faransa da kudu maso yammacin Jamus, hawa bayan hawa, yana rubuta inda kowane iri ya fara da inda ya ƙare. Tsakanin 1856 da 1858, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya raba zamanin gida 33, waɗanda zan kira zango, ya sa wa mafi yawansu sunan amonayit ɗin da ta fi bayyana su. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a 1865 yana da shekara 34, watau sa'an yawancinmu. Waɗanda suka zo bayansa sun ƙara yanka zangunan nan ƙanana-ƙanana, har a wasu wurare ana iya bambanta hawa biyu da tazararsu ba ta kai shekara rabin miliyan ba, a cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 150.

Yanzu mu dawo gida. Shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, watau a 1904, suka fara binciken ma'adinan Arewa. Abin da suke nema kuza ne da makamantanta, ba tarihin teku ba, amma masu binciken suka riƙa tsintar waɗannan duwatsu masu kama da ƙaho a kwarin kogin Gongola suna aikawa Ingila. A 1911 J. D. Falconer ya buga littafinsa a kan duwatsu da yanayin ƙasar Nijeriya ta Arewa, a ƙarshensa kuma Henry Woods na Jami'ar Kambirij ya yi bayanin halittun, ya raɗa wa wasu sunayen Nijeriya da Gongila. A can ɓangaren Faransa, René Chudeau ya riga ya yi bayanin amonayit na Damargu, cikin Nijar ta yau, a 1909. Da aka jera su sai aka ga abin mamaki: na Gongola da na Damargu dangi ɗaya ne, wani dangi mai ƙiba da santsin ɓawo da ake kira Vascoceras, wanda tun 1898 aka fara bayaninsa daga duwatsun Fotugal, daga baya kuma aka same shi a Aljeriya da Masar, har da Burazil da Peru.

A shekarun 1950 aikin ya ƙara zurfi. Richard Reyment, wanda ya yi aiki da hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, daga baya ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya raɗa sunaye irin su Gombeoceras da Bauchioceras da Benueites a 1954, sa'an nan W. Barber ya fitar da cikakken bayani a kan amonayit na arewa maso gabas a 1957. Wasu daga cikin sunayen nan masana na baya sun haɗe su da waɗansu dangogi da aka riga aka sani a Arewacin Afirka, abin da ya ɗan rage mana alfahari, amma ya ƙara ƙarfin hujjar, domin haɗewar na nufin dabbar Gombe da ta Tunisiya 'yan gida ɗaya ne.

Dabbar teku ba ta ratsa hamada da ƙafa. In har iri ɗaya yana Gombe da Damargu da Aljeriya a zango ɗaya, to ruwa ya haɗa su. Haka kuwa aka yi. Lokacin da Amurka ta Kudu ke rabuwa da Afirka, ƙasa ta tsage daga bakin tekun Gini zuwa arewa maso gabas, inda kwarin Binuwai yake a yau. Da farko koguna ne suka cika tsagar da yashi, shi ne jan dutsen da ya yi Dutsen Bima. Sa'an nan ruwan teku ya ɗaga a duniya baki ɗaya, ya shigo ta kudu, wani ya gangaro ta arewa, suka haɗu, aka sami teku marar zurfi, mai ɗumi, da ya ratsa Sahara tun daga inda Bahar Rum yake har Tekun Atilantika. A cikinsa dutsen Pindiga da na Ashaka suka kwanta. Tun da masana'antar Ashaka ta fara aiki a 1979, ramin da ake fasa dutse ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina nuna wannan zamani a Afirka, domin an yanka hawa-hawan a fili, kuma wasunsu cike suke maƙil da amonayit. Masana daga Turai da jami'o'inmu sun bi su ɗaya bayan ɗaya. Barber ya sa su duka a farkon zamanin Turoniyan, amma binciken shekarun 1980 ya nuna hawan ƙasa na ƙarshen zamanin Senomaniyan ne, watau iyakar zamunnan biyu ta ratsa ta cikin ramin. Sunayen nan kuwa daga yankunan Tours da Le Mans na Faransa aka samo su, kada su tsorata kowa.

Har zuwa nan ban faɗi inda miliyoyin suka fito ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Amonayit ba ta ɗauke da lamba. Abin da take faɗa shi ne wannan ya riga wancan, wannan kuma sa'an wancan ne. Oppel ya mutu bai san ko zangonsa shekara dubu ne ko miliyan ba. Lambar ta zo ne daga wani fanni daban. Bayan an gano a 1896 cewa ma'adinin yuraniyam na fitar da wani haske a kan kansa, sai aka gane yana rikiɗewa a hankali ya zama darma, a bisa wani ma'auni da zafi ko sanyi ba su sauya shi. A 1911 Arthur Holmes, yana da shekara 21, ya auna wani dutse daga Nowe ya ce shekarunsa miliyan 370. Matsalar ita ce wannan agogo ya fi aiki a duwatsun da suka fito daga wuta, amonayit kuwa a cikin laka take. Abin da ya haɗa su shi ne toka. In dutse mai aman wuta ya fashe, tokarsa kan sauka a teku ta yi siririn hawa a tsakanin laka, cikin kwanaki kaɗan, ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin da ake iya aunawa. A yammacin Amurka akwai irin wannan toka hawa-hawa a tsakanin zangunan amonayit. Kusa da garin Pueblo a Jihar Kolorado, a 2003 masanan duniya suka amince cewa inda wata amonayit mai suna Watinoceras devonense ta fara bayyana nan ne farkon Turoniyan, awon tokar da ke kusa da wurin kuma ya ba da shekara miliyan 93.9. Daga nan sai a bi sarƙa. Vascoceras ta fi son ruwa mai ɗumi, ba ko'ina take ba, amma a duwatsun Gongola ana samunta tare da wasu irin da suka kai Turai da Amurka, su ne suka ɗauko lambar daga Kolorado suka kawo ta Funakaye. Saboda haka in an ce dutsen Ashaka shekararsa wajen miliyan 94, aikin mutum biyu ne, mai jerawa da mai aunawa.

Saura Sakkwato. Tekun ya janye, ya sake dawowa bayan fiye da shekara miliyan 20, wannan karon ya rufe yankin Sakkwato da Tawa. A duwatsun Dukamaje an sami wata amonayit mai faɗi da kaifin baki da ake kira Libycoceras, tare da ƙasusuwan wani ƙaton mai jan ciki na teku da aka sa wa suna Goronyosaurus, don girmama Goronyo. Amma in ka hau sama ka wuce yashin Wurno da lakar Dange ka iso farar ƙasar Kalambaina, za ka ga katantanwa iri-iri, da wasu halittu masu kama da bushiya, har da notilas, 'yar'uwar amonayit mai sassauƙan zane, amma amonayit ko ɗaya babu. Tsakanin hawan ƙasa da na sama wani abu ya faru. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin wajen kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a gaɓar Meziko ta yau. Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu ne suka kawo hujjar a 1980, aka kuma bayyana ramin da ya bari, mai faɗin wajen kilomita 180, a 1991. Ƙura ta rufe rana, ƙananan tsirran da ke saman teku suka mutu, abinci ya yanke. A nan manyan dabbobin dainoso suka ƙare, amonayit ma haka, ko da yake akwai alamun wasu 'yan tsiraru sun ɗan ƙara lokaci kaɗan a tekun Turai. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na ƙwai: amonayit na zuba ƙananan ƙwai masu yawa, 'ya'yanta na rayuwa a saman ruwa inda bala'in ya fi tsanani, notilas kuwa ƙwanta manya ne kaɗan, a can ƙasa take ajiye su, shi ya sa har yau tana raye a tekun da ke tsakanin Asiya da Ostireliya. Rashin amonayit kaɗai ba ya isa hujja, domin ba kowane dutsen teku ke da ita ba, amma da aka haɗa shi da ƙananan halittun da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, sai dutsen Kalambaina ya faɗa a zamanin da ya biyo bayan bala'in, ƙasa da shekara miliyan 60.

Wani zai ce, to duk wannan me ya ƙara wa tukunya? Mai haƙar rijiyar burtsatse a Gombe yana bukatar sanin ko ya shiga yashin da ke riƙe ruwa ko kuwa yana cikin lakar Pindiga da za ta cinye masa kuɗi a banza. Masu neman man fetur sun fi shi bukata, domin baƙar lakar da ta kwanta a zamanin wancan teku tana cikin duwatsun da ake dubawa a matsayin uwar mai. Lokacin da kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, aka kuma yi bikin ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, duwatsun kwarin Gongola ɗin nan ne aka huda. Bakin injin haƙa yana niƙe dutse ya zama tsaki, ba a samun amonayit sukutum a cikinsa, don haka da ƙananan halittu da ƙwayoyin furen tsirrai na dā ake aiki a rijiya. Amma jerin waɗannan ƙananan a duwatsun fili aka daidaita shi, a gefen rafi da ramin fasa dutse, hawa da hawa, kusa da amonayit ɗin da Woods da Reyment da Barber suka yi wa suna.